Jajayen Ɗigo a Jikin Yaro: A Dakatar da Wanzami

Iyaye na Shanga da Yawuri, in kun ga jajayen ɗigo a ƙafafun yaro, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, kada ku ce sammu ne. Wani lokaci garkuwar jikinsa ce ke lalata ƙwayoyin da ke tsayar da jini, galibi bayan mura ko ƙyanda. Ba kasafai ake gadon ciwon ba, amma in a dangi akwai mai yawan zubar jini, ku gaya wa likita.

Ku kai yaron Babban Asibitin Yawuri a gwada jininsa. Ban da asfirin da ibuprofen. A ɗage kaciya da cire beli. Yawancin yara kan warke cikin wata 6, amma in yaron ya bugu a ka ya fara amai, a garzaya asibiti nan take.