Lulluɓe Gini da Hotonsa a Lokacin Gyara: Injiniya Tukuna, Sannan Mai Ɗab'i

Tambayar wannan makon daga wani mai gidan haya take. Bene ne mai hawa uku a bakin babban titi, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Zai gyara fuskar ginin, aikin zai ci kusan wata shida, masu haya kuma har sun fara ƙorafi cewa idan aka kewaye su da ƙarafan hawa, masu sayayya za su ɗauka an tashi. Ɗansa ya nuna masa yadda ake yi a Turai, inda ake lulluɓe ƙarafan da wani ƙaton ƙyalle mai ɗauke da hoton ginin, har mai wucewa ya zaci babu aikin da ake yi. Yana tambaya ko zai yiwu a nan, kuma ta ina zai fara.

Alhaji, zai yiwu, kuma ina cikin masu son abin. Gini a bakin titi ba na mai shi kaɗai ba ne, duk wanda ya bi ta wurin yana da rabo a kallonsa. Lokacin da aka gyara duwatsun fuskar Kotun Ƙolin Amurka a Washington tsakanin 2012 da 2013, an rataya hoton ginin daidai girmansa a jikin ƙarafan, don baƙon da ya zo daga nesa ya ga abin da ya kawo shi. A Paris kuwa har gwaninta ake nunawa. A 2007 an lulluɓe wani gini a titin George V da hoton da ya sa tagogi da bango suka yi kamar suna narkewa, jama'a suka riƙa tsayawa kallo. A 2023 wani mai fasaha da ake kira JR ya mayar da fuskar gidan wasan Opéra Garnier, wanda ake gyarawa, ta zama kamar bakin wani ƙaton kogon dutse. Ka ga ba ɓoye aiki kaɗai ake yi ba, wani lokacin lulluɓin kansa ne abin zuwa gani. Bayan haka yana tare ƙura da ɓarɓashin siminti, ya kuma yi wa ma'aikata inuwa.

Sai dai inda mutane ke kuskure shi ne wajen wanda suke fara nema. Kowa wurin mai ɗab'i yake fara zuwa, alhali shi ne na ƙarshe a layi. Na farko injiniyan gini ne, dalilin kuwa iska.

Ƙarafan hawa da ba a rufe ba, iska ratsa su take yi ta wuce abinta. Da zarar ka ɗaura musu ƙyalle, ka yi mata bango ke nan, kuma duk ƙarfin da ta zo da shi a kan ƙarafan zai sauka. Bari mu yi lissafi. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 50. Idan fuskar gininka mita 20 ce a faɗi da mita 10 a tsayi, murabba'in mita 200 ke nan, wato abin da ya kai kusan tan 10 yana turawa ta gefe. Kuma ƙarfin ba ya hawa daidai da gudun: idan gudun iska ya ninka biyu, turinta ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina ya ɗaga rumfar biki da kujerunta ya san abin da nake nufi, sai dai wannan rumfar a tsaye take, tsayin bene uku, kuma a ƙarƙashinta akwai mutane da motoci. Iskar ba turawa kaɗai take yi ba, tana kuma fizga, musamman a kusurwar gini da can sama, inda take neman ɓamɓare ƙarafan daga jikin bango.

Shi ya sa ba a amfani da tamfol ko ledar da ake buga allon talla. Abin da ake bugawa a kai raga ce mai ƙananan huji, wadda aka saƙa da zaren roba aka shafe da PVC, yawanci kusan kashi 30 cikin 100 nata huji ne. Tana rage turin iska, amma ba ta kawar da shi. A wurinmu ma akwai ƙarin matsala: ƙurar hunturu tana toshe hujin a hankali, raɓa ko yayyafi su daskarar da ita, sai ragar ta koma kusan tamfol. Don haka ka ce wa injiniyanka ya yi lissafi kamar babu huji ko ɗaya. Abin da zai fito daga lissafin shi ne yawan wuraren da za a ɗaure ƙarafan a jikin ginin da ƙusoshi masu shiga kankare, da yawan ƙarafan gicciye, da irin takalmin da ƙafafun za su tsaya a kai. Ya rubuta, ya sa hannu. Idan kuwa katako da gora ɗan kwangilarka zai haɗa da ƙusa da waya, kamar yadda aka saba, to shawarata ka haƙura da lulluɓin gaba ɗaya. Irin wannan haɗin nauyin magini da kwanon siminti yake ɗauka, ba a yi shi don kokawa da iska ba.

Abu na biyu wuta, kuma a nan ba na sassauci. Ranar 26 ga Nuwamban 2025 gobara ta tashi a rukunin gidajen Wang Fuk Court da ke Tai Po a Hong Kong, lokacin ana gyara. Dogayen benayen suna kewaye da gora da koriyar raga, an kuma rufe wasu tagogi da allunan soso. Wutar ta kama benaye 7 cikin 8, mutane fiye da 150 suka rasu. Hukumomi sun ce wani ɓangare na ragar bai cika ƙa'idar jure wuta ba. Ragar can ba mai hoto ba ce, amma dangi ɗaya suke da wadda kake son saye, kuma aikinta a gobara iri ɗaya ne: tana ba wuta hanyar hawa daga ƙasa zuwa sama ta waje, sararin da ke tsakaninta da bango kuma ya riƙa zuƙo iska. Ka nemi takardar shaidar jure wuta daga kamfanin da ya ƙera ragar, wadda ta dace da lambar naɗin da aka kawo maka. Kada ka tsaya a takarda. Yanki ɗan ƙyalle daga naɗin, ka fita fili nesa da komai, ka kanga masa ashana. Mai kyau za ta ƙanƙance ta yi baƙi, ta mutu da zarar ka janye wutar. Wadda ta ci gaba da ci tana ɗigo da wuta, mayar musu da kayansu. Bayan an ɗaura, ba walda, ba yankan ƙarfe, ba sigari a kusa sai an naɗe wannan sashen, kuma janareta da bututun hayaƙinsa su yi nisa da ita. Ƙofar bene da duk wata hanyar fita a bar su a buɗe, kada hoto ya rufe su don neman kyau.

Idan waɗannan biyun sun zauna, sai mu zo kan hoto, wanda shi ne mai daɗin. Ƙarafan za a auna, ba ginin ba, domin sun fito daga bango da mita ɗaya ko fiye, sun kuma fi ginin faɗi. Wanda ya auna gini zai tarar tagogin hoton sun kauce wa na gaske. A ɗauki hoton daga tsallaken titi da rana mai laushi, da safe ko bayan la'asar, sannan mai zane ya miƙar da layukan a kwamfuta, don hoton da aka ɗauka daga ƙasa yakan sa gini ya tsuke ta sama. Idan fuskar ta riga ta lalace, a yi amfani da zanen yadda za ta kasance bayan gyara. Wannan ma ya fi yi maka talla. Kada ka biya kuɗin ɗab'i mai tsananin kaifi, daga nesa za a kalla, ido ba zai bambance ba. Abin da za ka nace a kai shi ne launi. Huji yana cinye kashi na fenti, hoto yakan fito da haske fiye da yadda ka gan shi a allo, rana kuma za ta ƙara koɗar da shi. A buga maka gwaji na mita ɗaya ko biyu, ka rataya a wurin, ka tsallaka titi ka duba da rana, ka sake dubawa da dare. Da dare idan fitilun ciki sun fi na waje ƙarfi, hoton ɓacewa yake yi a ga ƙarafan tsirara, don haka daga waje ake haska shi. Naɗin raga bai cika wuce mita 5 a faɗi ba, ke nan haɗa shi za a yi. Ka sa a daidaita haɗin a kan ginshiƙi ko gefen bango, kada ya ratsa tsakiyar taga.

Masu shagunanka kuma, ka zauna da su tun kafin a buga. Sunan kowane shago ya fito a hoton daidai saman ƙofarsa. Na sama su san haske zai ragu a ofisoshinsu. Ka ƙara mai gadi da fitila, saboda abin da ya ɓoye magini da rana yana iya ɓoye ɓarawo da dare.

Ɗanka zai ce a sayar da fili ga kamfani ya sa talla, kuɗin ya biya aikin. Dabara ce ta gaske. Faransa ta halatta haka a kan gine-ginen tarihi tun 2007, da sharaɗin tallar kada ta wuce rabin lulluɓin, kuɗin kuma ya tafi ga gyaran. Amma a Venice ta Italiya, da manyan tallace-tallace suka mamaye Fadar Doge da sananniyar gadar da ke jikinta, sai da shugabannin manyan gidajen tarihi na duniya suka rubuta koke a 2010. Ni a ganina kashi ɗaya cikin uku ya isa, sauran a bar wa ginin. Ka kuma nemi izini kafin ka buga, wurin hukumar tsara birni da mai kula da allunan talla a jiharka, irin su KNUPDA a Kano ko LASAA a Legas.

Game da lokaci, ka tsara aikin ya faɗa tsakanin Nuwamba da Maris, a sauke ragar kafin hadarin farko. Idan dole ta kai damina, a ɗaure ta da igiyar roba mai miƙewa ta cikin zobban gefenta, a sashe-sashe, yadda mutum biyu za su iya naɗe ta cikin gaggawa idan gabas ta haɗe. A duba ɗaurin ƙarafan da zobban duk mako, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi, a rubuta a littafi.

Idan ka yi lissafi kuɗin ya yi yawa, ko aikin bai wuce wata biyu ba, akwai hanya mai sauƙi. A sa raga marar hoto mai jure wuta a sama, a kafa shingen allo a ƙasa daidai tsayin ido, a buga hoton sabuwar fuskar da sunayen shagunan a jikinsa. Ranar saukewa kuma, kada a ƙona ragar, hayaƙin PVC guba ne. A yanka ta a yi rumfar motoci ko inuwar masu renon tsirrai, za ta ƙara wasu shekaru tana aiki.