Darasin Ciniki: Sayar da Tsohuwar Mota Mai Daraja ga Mai Saye a Ƙetare

Sanin kowa ne cewa mota tana rage daraja da yawan shekaru. Amma akwai wani rukunin motoci da tsufa yake ƙara wa farashi, domin masu sha'awar tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna nemansu ido rufe. A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ko da yake babu irinta a garejinmu, a biranen Nijeriya akwai Marsandi da Land Rover da Volkswagen Beetle, da kuma Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Wannan darasi zai yi bayanin yadda mai irin wannan mota zai sayar da ita ba tare da ya yi asarar motar da kuɗin gaba ɗaya ba.

Dokar ƙasar mai saye

Abu na farko shi ne shekarun motar. Dokar Amurka ta 1988 ta yafe wa motar da ta cika shekara 25 sharuɗɗan kariyar haɗari da ake gindaya wa sababbin motoci. A Tarayyar Turai kuwa, motar da ta kai shekara 30, ba a kuma sauya mata kamanni ba, tana iya shiga a matsayin kayan tarihi ba tare da kuɗin fito ba, sai harajin saye mai rangwame: kashi 7 cikin ɗari a Jamus. Ingila, wadda ta fice daga Tarayyar, tana karɓar kashi 5.

Abin lura a nan shi ne, wannan rangwame ya dogara ne ga asalin motar. Wanda ya cire injin asali ya ɗora na wata mota, ya rage mata farashi da hannunsa. Saboda haka lambar cesis da lambar injin da takardun kwastan da na mallaka su dace da juna, kuma a aika wa mai saye hotuna na gaskiya, har da wuraren da tsatsa ta ci.

Takardun gida

Mai fitar da kaya domin ciniki yana bukatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, sannan ya cika fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, a duba kayan kafin lodi. Babban Bankin Nijeriya ya wajabta a dawo da kuɗin kayan da ba na man fetur ba cikin kwana 180 daga ranar da ke kan takardar lodi. Haka kuma ya kamata a yanke farashi da Dala ko Yuro. Wanda ya yi ciniki da Naira a farkon 2023, lokacin da Dala take wajen Naira 460 a hukumance, aka kuma jinkirta biyansa zuwa 2024 da ta haura 1,500, ya san illar hakan.

Wa zai ɗauki asara a teku?

Ƙa'idojin da Majalisar Ciniki ta Duniya ta sabunta a 2020 sun fayyace wannan. A tsarin FOB, nauyin mai sayarwa yana ƙarewa da zarar mota ta hau jirgi a Apapa ko Tin Can. A tsarin CIF shi ne zai biya kuɗin jirgi da inshora, amma duk da haka haɗarin yana komawa kan mai saye tun daga lodi. A rubuta tsarin da aka zaɓa da sunan tashar a cikin yarjejeniya. Tura mota cikin jirgin dakon motoci ya fi arha, amma kwantena ta fi kare ta daga gishirin teku da masu ɗan hali.

Karɓar kuɗi

Nan ne gizo yake saƙar. Sananniyar dabarar 'yan damfara ita ce su amince da farashi ba tayi, su aiko da cek wanda ya zarce kuɗin motar, su ce a tura rarar ga wakilinsu na jigila. Banki yana iya nuna kuɗin a asusu kafin ya tantance cek ɗin; bayan makonni sai ya dawo a matsayin na jabu, alhali rarar ta tafi, wani lokaci har da motar. Hoton rasit ko saƙon waya ba biya ba ne. Sai bankinka ya tabbatar da shigar kuɗin a rubuce.

Hanya mafi aminci ita ce wasiƙar lamuni ta banki wadda ba a iya sokewa, wadda kuma wani banki da ka yarda da shi ya ƙara tabbatarwa. Sai dai a sani cewa banki takardu yake dubawa, ba mota ba. Kuskuren lamba ɗaya a cesis ya isa ya hana biya. Idan kuɗin bai kai a buɗe wasiƙar lamuni ba, a karɓi kafin alƙalami, a ajiye cikon a hannun amintaccen kamfani da ɓangarorin biyu suka bincika da kansu.

A ƙarshe, takardar lodi ta asali ita ce mabuɗin karɓar mota a tashar da za ta sauka. Muddin tana hannunka ko hannun bankinka, motar tana nan a ƙarƙashin ikonka ko da tana tsakiyar teku. Kada a sake ta sai kuɗi sun tabbata.