Kafin a Zauna Kallon Finafinan Laifi da na Kiɗan Pank

Akwai finafinan da ba su tara kuɗi sosai a silima ba, amma suka samu masoya na a-mutu-a-raba. Mai son ɗanɗana su zai fi kyau ya fara da Green Room na 2015, domin ya haɗa laifi da kiɗan pank. Wasu matasan makaɗa sun je wasa a kulob ɗin masu aƙidar Nazi a dajin Oregon, suka ci karo da gawa, aka tsare su a ɗaki. Yawancin fargabar a bakin ƙofa ɗaya take, shi kuwa Patrick Stewart, uban tafiyar miyagun, da wuya ya ɗaga murya. Ƙarfin irin waɗannan finafinai ke nan: kuɗi kaɗan, wuri ƙunci, mai kallo ya kasa motsi.

Haka Reservoir Dogs na Tarantino, 1992, labarin fashi ne da ba a nuna fashin ba.

Rauninsu kuma a fili yake. Jini da ashar sun yi yawa, don haka ba na kallo da yara ba ne. Wasu kuma sukan murɗa tarihi. Sid and Nancy na 1986 ya fito da gwanintar Gary Oldman, amma John Lydon, mawaƙin ƙungiyar pank ta Sex Pistols, ya soki yadda aka ba da labarin Sid, ɗan ƙungiyar tasu. Mai neman gaskiyar pank ya nemi The Decline of Western Civilization, wanda Penelope Spheeris ta ɗauka cikin makaɗan Los Angeles, ya fito a 1981. Ya kunna rubutun ƙasan allo, don ihun mawaƙan yakan haɗiye kalmomin.