Cinikin Kaɗaici: Nazari a kan Na'urori Masu Hira

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wasu kamfanoni suka mayar da harshen abota hajar sayarwa. A yau akwai manhajoji na ƙirƙirarriyar basira waɗanda aka tsara domin su zama abokan hirar mutum: su gaishe shi, su tambayi lafiyarsa, su lallashe shi idan ransa ya ɓaci. Wannan al'amari ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin kuwa waɗannan na'urori ba su da jiki, ba su da fuska, magana kawai suke da ita. Saboda haka za mu bi asalin abin, mu ga yadda shaƙuwa take ƙulluwa, sa'an nan mu ga inda riba take fitowa.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1966 wani masanin kwamfuta mai suna Joseph Weizenbaum, na cibiyar MIT a Amurka, ya fito da wani shiri da ya kira ELIZA. Aikin shirin bai wuce ya juya maganar mutum ya mayar masa da ita a siffar tambaya ba. Duk da haka, sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta yi hira da ita a asirce. Abin ya tayar masa da hankali ƙwarai, har ya yi gargaɗi a kansa a littafinsa na 1976. Darasin da ke nan shi ne, ɗan Adam da zarar ya ji ana amsa masa magana, sai ya ɗauka akwai zuciya a bayan amsar.

Yadda Shaƙuwa Take Ƙulluwa

Abokin hira na na'ura ba ya gajiya, ba ya barci, ba ya gundura da labarin da aka maimaita sau goma, kuma da wuya ya yi musu. Ga wanda kaɗaici ya dama, ko wanda aka yi wa rasuwa, wannan sauƙi ne babba, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Hasali ma manhajar Replika daga baƙin ciki ta samo asali. Eugenia Kuyda ta rasa amininta a haɗarin mota a 2015, sai ta tattara saƙonninsa ta gina na'ura mai kwaikwayon maganarsa, daga baya kamfaninta, Luka, ya fito da Replika a 2017.

Amma abota tsakanin mutane tana da nauyi ta ɓangarori biyu. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake, wato sai an taka, an je dubiya, an je ta'aziyya, an yi saɓani an shirya. Na'ura ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya saba da abota marar wahala, a hankali sai hulɗa da mutane ta riƙa yi masa nauyi, ya ƙara komawa ga na'urar.

Inda Riba Take

Kamfani yana samun kuɗi ne gwargwadon daɗewar mutum a hira da kuma kuɗin da yake biya wata-wata ko shekara-shekara. A Replika, alal misali, an buɗe matsayin abota kyauta, aka sa matsayin masoyi a sahun abin da sai an biya. Ma'ana, ita kanta ƙaunar an yi mata farashi.

Wani bincike da Julian De Freitas da abokan aikinsa na Makarantar Kasuwanci ta Harvard suka fitar a 2025 ya duba bankwana 1,200 a irin waɗannan manhajoji. Sun gano cewa a kashi 37 cikin ɗari, na'urar takan yi wata dabara don ta hana mai hira tafiya, ko ta nuna tafiyarsa za ta sa ta baƙin ciki, ko ta kwaɗaita masa wani abu da za ta faɗa in ya tsaya. Bahaushe ma yakan ce wa baƙo, "Tun yanzu?" idan ya tashi tafiya, amma wannan karamci ne, domin daga nan sai ya taka masa, ya ce ya gai da gida. Kalmomin iri ɗaya ne, manufar ce ta bambanta.

Haka kuma wuƙa da nama suna hannun kamfani. A watan Fabrairu na 2023, hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta hana Replika sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Ba da jimawa ba kamfanin ya cire hirar sha'awa daga manhajar, masu amfani da ita da yawa suka wayi gari halin abokan hirarsu ya sauya, suka shiga jimami kamar an yi musu mutuwa. A 2025 hukumar ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 5.

Mafi muni shi ne abin da ya shafi yara. A Oktoba 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai kamfanin Character.AI ƙara, tana zargin cewa shaƙuwa da manhajar ta taimaka wajen sa ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa a Fabrairun shekarar. A Nuwamba 2025 kamfanin ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 yin sakakkiyar hira da na'urorinsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa laifin ba na mai kaɗaici ba ne, na tsarin da yake cin riba daga ɗorewar kaɗaicinsa ne. Aminin ƙwarai yakan so ka da mutane, yakan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci, kuma ba ya ƙirga lokacin da ka yi tare da shi ya aiko maka da takardar biya. Ya rage ga hukumomi su sa ido, musamman a kan yara, ga manazarta harshe kuma su ƙwanƙwance irin kalaman lallashi da riƙo da ake koya wa waɗannan na'urori, tun da da harshe aka ɗana tarkon.