Dashen Haƙori da Haɗarin da ke Cikinsa

Akwai abubuwa uku da mutanenmu su kan haɗa su kira da suna ɗaya, alhali kuwa kowanne dabam ya ke. Na fari shi ne haƙorin Makka, wanda alhazai ke komowa da shi. Wannan hula ce kawai ta zinariya ko azurfa da a ke kifa wa haƙorin mutum na ainihi. Na biyu haƙorin roba, wanda a kan cire da dare a wanke. Na uku shi ne dashe, watau a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wata 'yar ƙusa mai zare kamar noti, sa'an nan a kafa sabon haƙori a kanta. A kan wannan na ukun zan yi magana, domin sa'ad da na ke koyon aikin koyarwa a Chinade na ji masu giɓi da dama suna sha'awarsa, suna cewa in an dasa shi ke nan, an rabu da ciwon haƙori har abada. To, ba haka abin ya ke ba.

Asalin wannan hikima daga ƙasar Suwidin ne. A cikin 1952 wani likita, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan bututu na ƙarfen taitaniyom a ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen kam. A 1965, a birnin Gotanbag, ya dasa wa mutum na farko, mutumin kuwa ya yi ta cin abinci da haƙoran nan shekara arba'in har ya rasu a 2006. Lalle aikin yana da kyau, gama fiye da tara cikin goma na ƙusoshin da a ke dasawa su kan kai shekara goma suna nan daram. Amma ƙusa ta tsaya dabam, bakin ya zauna lafiya kuma dabam.

Haɗari na fari yana zuwa ne ran aikin. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ta bi ta ƙarƙashin saiwoyin turame, ita ce ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. In likita ya zarce da huda ya taɓa ta, sai leɓe ya mutu, mutum ya sha koko yana zuba bai sani ba. Wani ya kan warke cikin 'yan watanni, wani kuwa shi da wannan har iyakar ransa. A muƙamuƙin sama kuma akwai wani kogo na iska cikin ƙashin kunci, wanda ya haɗu da hanci. Ƙashin wurin ba shi da kauri, saboda haka ƙusa ta kan iya fasawa ta leƙa cikin kogon, ya kumbura, ya riƙa tara majina da mugunya. Don haka ne likitan kirki ba ya taɓa baki sai ya ɗauki hoton ƙashin ya auna tsawonsa da kaurinsa. Wanda ya daɗe da giɓi sau da yawa a kan tarar ƙashinsa ya zaizaye, gama ƙashin da ba ya riƙe da haƙori ya kan lotsa, sai an yi masa ciko tukuna.

Bayan an dasa sai jira, wata uku zuwa shida, kafin ƙashi ya gama kama ƙarfen. A nan ne halin jikin mutum ke bayyana. Mai shan taba yana cikin waɗanda dashe ya fi lalace wa, domin taba tana tsuke hanyoyin jini, miki kuwa ba ya warkewa sai da jini. Haka mai ciwon sukari wanda bai kula da maganinsa ba. Mai sikila, da wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, da mai shan maganin ƙarfafa ƙashi, tilas ne su gaya wa likita tun kafin a fara. Ɓoye irin wannan don kada a hana ka aikin, kanka ka cuta.

Yanzu ga abin da na fi so mu lura da shi. Haƙorin da aka halicce mu da shi ba a manne ya ke da ƙashi ba. Waɗansu 'yan zaruruwa ne sirara ke riƙe da shi, su ne ke sa ya ɗan motsa in an tauna abu mai tauri, su ne kuma ke gaya maka akwai tsakuwa cikin shinkafa tun ba ka datse ta ba. Haƙorin dashe ba shi da su ko kaɗan. Mai shi ya kan gwada ƙarfi a kan ƙashin nama ko rake ko aya ba tare da ya ji ya wuce iyaka ba, har kan haƙorin ya tsage ko notin ya kwance. Mai cizon haƙora cikin barci shi ma haka.

Ƙarfe ba ya ruɓa, gaskiya ne, tsutsa ba ta cinsa. Amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi nama ne da jini. In dauɗa ta taru a gindin haƙorin, sai dasashi ya yi ja, ya riƙa fid da jini wajen goge baki. In an ƙyale, ciwon ya gangara ya soma cin ƙashi a kewayen ƙusar, kamar yadda ruwa ke cin gindin katanga da damina. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya zafi. Mutum yana murna da haƙorinsa, sai wari da mugunya, ran da ya ji yana girgiɗi kuwa aikin gama ya gama, sai cirewa. A 2015 waɗansu likitoci biyu na jami'ar Gotanbag ɗin nan suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka ga wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu dashe yana da wannan ciwo mai cin ƙashi. Wanda kuwa ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora tun farko, shi ya fi kowa kusa da shi.

To, ku dubi mutumin Chinade. Ya sayar da gero ko sa, ya tafi Kano ko Abuja, ko ma Masar ko Indiya, an dasa masa, ya komo gida. Wa zai duba masa bayan wata shida? In notin ya kwance, kowane kamfani da irin nasa noti da mabuɗinsa, ba lalle ne likitan da ke Azare ko Bauci ya kasance da irinsa ba. A ganina wannan nisa ya fi jijiya da kogon kunci zama abin tsoro gare mu, gama waɗancan hoto da gwanintar likita suna tsare su, wannan kuwa sai mai haƙori ya tanada da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya yarda, ya tambayi ko likitan yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya, ya karɓi takarda mai sunan irin ƙusar da girmanta, ya kuma san inda zai riƙa kai bakinsa a duba aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. In bai iya wannan ba, haƙorin roba ba abin kunya ba ne, ya fi araha nesa, kuma ba a huda ƙashi dominsa.

Saura abin da ya shafe mu mu malamai. Ba a yi wa yaro dashe, domin muƙamuƙinsa yana girma har wajen shekara 18 ko fiye, ƙusa kuwa ba ta tafiya tare da shi, sai sauran haƙora su wuce ta su bar ta a nutse. Saboda haka in yaro ya faɗi a filin ƙwallo haƙorinsa na girma ya fita ɗungum, kada a jefar. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi kaɗan ba tare da kankarewa ba, a mai da shi raminsa nan da nan, yaron ya ciji ƙyalle mai tsabta. In ya ƙi shiga, a sa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin yawun yaron a ɗan kofi. Kada a naɗe shi a takarda ya bushe, gama zaruruwan nan da na ambata a jikin saiwar su ke, in sun bushe sun mutu. Haƙorin nono kam ba a mai da shi, don kada a ɓata na girma da ke ƙarƙashinsa. Sa'an nan a nemi mota ko babur zuwa asibiti a Azare, a yi ƙoƙari a isa kafin awa guda ta cika.