Alkama, Alfadari da Zaɓen Iri

Ya ku manoma da dagatai, in kun shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a birnin Kano, kwa ga alkama da masara jibge, kowace ƙwaya kyakkyawa. Amma ido ba ya rarrabe wadda za ta haifi kamarta. To, ga dalili.

1. Jikin tsiro da na dabba an gina su da 'yan ɗakuna ƙanana kamar na saƙar zuma, ba a ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowane ɗaki akwai zaruruwan gado, Turawa suna ce musu kuromosom. Rabi daga uwa su ke, rabi daga uba.

2. Sa'ad da tsiro zai yi fure, zaruruwan nan sukan jeru biyu biyu, kowane da abokinsa, sa'an nan ɗaki ya rabu, kowane ɓangare ya ɗauki rabi daidai. In zare ya rasa aboki, rabo ya ɓaci. Ku dubi alfadari. Goɗiya tana da zare 64, jaki 62, shi kuwa 63, ba su kuwa dace da juna ba. Don haka ba ya haihuwa.

3. A ƙasashen sanyi akwai wani hatsi mai jimrin sanyi da mataccen wuri, sunansa rai. Alkamar burodi tana da zare 42, rai 14. A 1875 wani masani, Wilson, a Sikotilan ya ba da labarin ya aurar da su. Ɗan ya sami 21 daga alkama, 7 daga rai, babu mai aboki, sai zangarniya ta fito wofi. A 1888 Rimpau a Jamus ya sami wanda zaruruwansa suka ninku suka zama 56, kowane ya sami aboki, ya ba da ƙwaya. Daga 1937 aka san maganin da ke ninka su da gangan. Sabon hatsin nan shi a ke kira tiritikal.

4. Alkamarku ta fadama ita ke barbarar kanta, saboda haka 'ya'yanta sukan yi kama da ita. Ku zaɓi zangarniya masu ƙoshi tun a gona, ku ajiye iri.

5. Masara mai aure dabam ce. Zarenta 20 ne, duk suna da abokai, tana haihuwa. Amma wajen rabo gadon uwa da na uba yakan cakuɗe, 'ya'ya su fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Kada ku shuka abin da kuka girbe daga gare ta, ko wadda aka auna muku a mudu don tuwo. Kowace shekara ku nemi sabon iri, ku shawarci malamin gona.

Dagatai, ku tara talakawanku ku karanta musu wannan tun damina ba ta faɗi ba.