Kafin ka tura wa likita hoton gyambo, duba fitilarka

'Yan uwa ma'aikatan lafiya na Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa: Yanzu idan ciwo ya shige mana duhu, hoto muke ɗauka mu tura wa likita a Birnin Kebbi ko Sakkwato ta WhatsApp. Likitan bai ga mara lafiya ba, bai taɓa shi ba. Abin da hoto ya nuna masa shi zai yi hukunci a kai. Galibi kuma ba waya ce ke ɓata hoton ba, haske ne.

Ɗakin da nake wankin ciwo gado ɗaya ne da tebur da ƙaramar taga, ba wurin kafa manyan fitilun masu hoton biki. Wutar lantarki kuwa, duk da muna maƙwabtaka da madatsar Kainji tun 1968, sai ta ga dama. Don haka ƙaramar fitilar LED nake amfani da ita, mai faɗin tafin hannu, wadda ake caji da igiyar waya.

Idan za ka saya, kada ƙarfin haske ya ruɗe ka. Juya kwalin ka nemi lamba biyu. Ta farko 5000K zuwa 5500K, wato fari irin na rana. Ta biyu ana rubuta CRI, ita ke nuna ko fitilar tana fitar da launi yadda yake, kuma kada ta gaza 90. Yawancin fitilun caji na kasuwa haskensu shuɗi-shuɗi ne, sai jan nama mai warkewa ya fito kamar wanda ya fara mutuwa. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuwa yana ɓoye shawara, domin komai ya zama ruwan ɗorawa, har da idon mai lafiya. Kashe shi kafin ka kunna taka, kada haske biyu su gauraya.

Wutar bayan waya ita ce babbar mai laifi. Fatarmu baƙa ce, ga gumi, ga man shafawa, tana haskawa sai wurin ya yi ƙyalli. Tabon kuturta na farko ɗan koɗewa ne kawai, ya ɗan fi sauran fata haske, kuma da wannan ƙyalli ya sauka a kansa ya ɓace ke nan. Da na haɗu da irin wannan tabo, na goge wurin, na rufe fitila da farin ƙyalle mai shara-shara don hasken ya yi laushi, na ba ɗan uwan mara lafiya ya riƙe ta daga gefe, a karkace. Nan take bakin tabon ya fito, har tudunsa. Haka ake yi wa kumburi da zurfin gyambon masunci da ya daɗe yana shiga ruwa da shi.

Fitilar zobe, irin ta masu kwalliya, wuri ɗaya na ga amfaninta: cikin baki. Yaron da dasashinsa ke wari yana zubar da jini, ana tsoron ciwon noma, sai haske ya shiga kai tsaye. Wannan ciwo cikin 'yan kwanaki yake cin kunci, kuma akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato, don haka hoton da ya fito sarai yana gaggauta tura yaro. A kan jiƙaƙƙen gyambo kuwa, da'irar haske kawai za ta bar maka.

Shimfiɗa ƙyalle shuɗi ko kore a ƙarƙashi, ajiye rula kusa da ciwon ba tare da ta taɓa shi ba, kashe abin gyaran fuska na kyamara. Tura hoton a matsayin fayil, don kada WhatsApp ya rage masa kyau. Ka gama, goge fitilar da sifirit.

Don Allah, kada ka ɗaga waya sai mara lafiya ko waliyyinsa ya yarda, kuma inda ba fuska ce ke ciwo ba, a bar fuska daga cikin hoton.